Layukan da Injiniya Ya Ja da Fensir

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Gwaggo da yaranta. Mu ma lafiya lau, sai ƙafar Mama da ke ɗan taɓa ta.

Yaya, ki zauna kafin ki ci gaba. Na ga Injiniya. Shekara guda ke nan da ya yi miki alkawarin aure, ya kwashe kekunan ɗinkinki uku wai zai buɗe miki babban shago, kika bar gari don kunya. Jiya sai ga shi a shagon hayar littattafai, ya tara gemu, ana ce masa Dakta. Bai gane ni ba. Kin san duk zuwansa gidanmu a bayan labule nake.

Littafin soyayya ya dawo da shi, na ɗauka bayansa. Ya ja layi da fensir a ƙarƙashin maganganun saurayin. Ki yafe mini, na taɓa karanta wasiƙun da ya rubuto miki. Su ne, kalma bayan kalma.

Ki gaida Gwaggo.
Ƙanwarki, Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ya jikin ɗan Gwaggo? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce in fita harkarsa. Na kasa. Na rubuta masa wasiƙa da sunan wata bazawara mai gidan bene, wadda kaɗaici ya ishe ta. Matar mai shagon ta saka masa a cikin littafin da ya ce a ajiye masa. Kwana biyu ya amsa, a cikin littafin shi ma.

Ni da ko gaida baƙo sai muryata ta yi rawa, yanzu wasiƙa shida muka yi. Amsoshina daga littattafan da yake ara nake kwafowa, maganganun budurwar. Na yi ta tsoron kada ya gane. Ashe na maza kawai yake karantawa, ya tsallake na matan. Yanzu ya fara zancen takardun gidan.

Kada ki faɗa wa Mama.
Taki, Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, an kama shi.

Na faɗa wa Kawu komai. Ya yi mini faɗa har na yi kuka, sannan ya kira abokan aikinsa na caji ofis. Na sa wa Injiniya rana, Laraba ƙarfe huɗu, a wurin shan lemo na gefen tasha. Ya zo da fure da takardar da zan sa hannu. Ina teburin baya da littafina, ya wuce ni ko kallo bai yi ba.

An samu kekenki ɗaya a ɗakinsa. Mata uku sun riga sun zo sun nuna shi, ɗaya ma malamar makaranta ce, kuma ba wanda ya yi musu dariya. Saura ke. Ana son ki zo ranar Litinin. Mama ta ce ki taho da kayanki gaba ɗaya.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa Kawu ba. Wasiƙun Injiniya biyar na ba shi, ta shidan tana cikin jakar makarantata. Na san shafin da ya kwafo ta, na san ƙarya ce, amma kullum sai na buɗe ta. Idan kin zo ki karɓe ta a hannuna, ko da na ce miki ta ɓata.

Ƙanwarki mai jiran ki,
Auta