Zagaye Uku na Noti

Litinin, 3 ga Maris
Kwana arba'in da rasuwar babban ɗana. Na yaye tamfol daga motarsa, na tayar. Fitilar injin nan mai ruwan ɗorawa tana nan a kunne. Wata biyu ya yi yana neman dalilinta kafin ciwo ya kwantar da shi.

Laraba, 5 ga Maris
Uwarsa ta ce in sayar, ganin motar yana tayar mata da hankali. Wa zai sayi mota da fitila a kunne? Shekara talatin ina kanikanci, da kunne nake gane ciwon inji, amma wannan ta gagare ni. Yaron ne ya ƙara mata babban tobo, mai hura wa inji iska. Na sha ce masa, "Ka lalata mota lafiyayya, ga sakamako nan." Sai ya sunkuyar da kai: "Baba, wallahi na bi komai daidai."

Asabar, 8 ga Maris
Na ajiye girman kai na kai wa mai duba mota da kwamfuta. Ya jona na'urarsa, ya ce iskar tobo ba ta kai yadda aka saita ba. Ya leƙa inji, ya taɓa wata 'yar sandar ƙarfe mai noti a jikin tobo. "Baba, wani ya sassauta notin nan. Shi ke nan matsalar. Amma wanda ya yi sauran aikin gwani ne."

Ni ne. Ni na sassauta, zagaye uku, don in rage mata ƙarfi, ranar da yaron ya tafi ɗaurin auren abokinsa. Tsoron gudu nake masa. Ko a mafarki ban haɗa shi da fitilar ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Ban ci abinci ba. Wata biyu yaron nan yana kwance-kwancen aikinsa, ni ina tsaye a kansa ina masa gori. Ya tafi yana ganin shi ya kasa. Wayyo Allah.

Talata, 11 ga Maris
Na gaya wa uwarsa. Ta ce, "To, je ka mayar masa."

Alhamis, 13 ga Maris
Na ɗaure notin, zagaye uku. Fitila ta mutu. Na hau babban titi don gwaji kawai, na taka totur, motar ta manna ni da kujera. Sai ji na yi na ce da ƙarfi, "Kai, yaro, ka iya!" Na juya gefen fasinja.

Wani mai son sayen motar ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba.