Waƙar Innarki a Bakin Rafi

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa albarka a nemanku. Mu nan kalau, sai gwiwata da ke riga rediyo ba ni labarin hadari. Ƙaninki ya gama rufin ɗakinsa, saura wadda za ta yarda ta shiga. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu muka raba gari da boko.

Aji huɗun nan ne ya ja mini. Watan jiya 'yan talabijin suka zo, wai suna neman ƙauyen da zamani bai taɓa ba. Da yake ni ne mai ilimin garin, aka haɗa ni da su. Na nuna musu maƙera, na nuna musu rumbuna, suna ta yaba ni, sai kai ya kumbura. Kin san innarki takan yi waƙa in tana wanki a bayan dutsen rafi, tun tana amarya, kowa kuma yakan wuce kamar bai ji ba, don kada kunya ta sa ta daina. To ni, sarkin wayo, na zagaya da su ta cikin ciyawa, na ce su yi shiru su ɗauka. Wallahi so nake duniya ta ji abin da nake ji.

Duniya kuwa ta ji. Yanzu motoci ke zuwa ana tambayar tsohuwa mai waƙa. Mai shayi ya ƙara benci. Mata sun ƙaurace wa rafi, baƙi sun cika shi da wayoyi. Innarki ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai ce ashe ɗan jarida take aure ba ta sani ba. Tun ranar a tsakar gida take wanki, ba ka jin komai sai ƙarar bokiti.

Jibi za a taru wajen mai gari, don 'yan talabijin ɗin na son dawowa. Direbobi da matasa sun ce a bar su, ko don kunyar kyamara a gyara mana gada, kuma kin san wuyar da masu naƙuda ke sha da damina. Dattawa sun ce magana zarar bunu ce, suna faɗa suna kallona.

Roƙona guda ne. Ki kira ta a wayar ƙaninki. Kada ki ambaci hoton, kada ki yabi muryarta. Ki ce mata jaririyarki ta ƙi barci, sai ki kara wa yarinyar wayar a kunne. Ni zan ɗauki fartanya in tafi gona, kuma wannan karon ba zan laɓe ba.

Gwaggonki da ƙaninki suna gaishe ki. Ki gaida maigidanki, da surukarki, da amaryata mai haƙora biyu.

Mahaifinki,
ɗan jarida mai murabus