Reshe a Hagun Hula

Litinin, 9 ga Disamba
Har yau ba dusar ƙanƙara. Bareyi suna can ƙololuwar dutsen Polana suna kiwo. Sai dusa ta rufe ciyawa suke saukowa kwarinmu, kuma lokacin farauta zai ƙare ranar talatin da ɗaya.

Asabar, 14 ga Disamba
Taron ƙungiyar mafarauta. Gejza, shugabanmu, ya ce duk wanda ya shekara uku bai kayar da dabba ba, rumfar kwantonsa ta koma hannun wani. Bai kira suna ba, amma ni kaɗai ne. "Vendelin, ba ni na kafa dokar ba fa," in ji shi. Na ce na sani, ni na kafa ta. Shekara ashirin da shida ina hawa rumfar nan.

Lahadi, 22 ga Disamba
Ruwan sama. A Disamba!

Alhamis, 26 ga Disamba
Matata Hedviga ta ga miya tana zuba daga cokalina. "Tsoho, da wannan hannun za ka yi harbi?" Na ce sanyi ne. Ta ce wane sanyi, ko murhu ba mu kunna ba.

Lahadi, 29 ga Disamba
Iska ta juya arewa, gwiwata ta riga rediyo sani. Dusar ƙanƙara tun azahar.

Litinin, 30 ga Disamba
Bareyin sun sauko da hantsi, su tara, tsohuwa a gaba. Na jingina bindiga a katako don kada hannu ya ci amanata. Harbi ɗaya, ta ƙarshe ta faɗi. Rumfa tawa ce. Na tsaya jiran murna, ba ta zo ba.

Talata, 31 ga Disamba
Akwai abin da na manta ban rubuta ba jiya. Na sa wa barewar koren reshe a baki, lomarta ta ƙarshe, yadda mafarauta suka saba, na soke wani a hulata. Da na shiga gari Gejza ya tare ni. "Kai, wa ya mutu?" Ashe a hagu na soke shi. Dama ta wanda ya yi sa'a ce, hagu kuwa sai ranar binne mafarauci. Shi da sauran mafarauta suka yi ta dariya, ni ma na yi.

Na ce zan gyara. Hular tana rataye a ƙofa, reshen yana nan a hagu, ban taɓa ta ba. Hedviga ta tambaya ko ta miƙo mini man goge bindiga. Na ce ta bari tukuna.