Kiyashi Ne Shaiduna

Zuwa ga inuwata a tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, farin watan gidana, Malam Abdulbaƙi. Ka gafarce ni. Shekara talatin da ɗaya bakina bai kama sunanka ba, yau hannuna ya kama, don shi na fara koya a ajin yaƙi da jahilci.

Tun da ka tafi Diggi yankan shinkafa, garinmu Dalijan ya zame mini kango. Ina cikin wannan kewa ɗiyarmu Hafiza ta dawo daga kai maka garin tuwo da labari: wai ka daina shan sabon maganin ciwon sukarinka! Wai ka ga kiyashi sun yi cincirindo inda kake zagayawa a bayan bukka, ka ce maganin ƙara ciwon yake. Haba Malam! Ina kunnenka ranar da likita ke bayani? Na sani, yana wajen mai raken da ke bakin ƙofa.

Ni na ji, har na rubuta a bangon littafina. Ta fitsari maganin ke koro sukari, shi ya sa kiyashi ke walima. Kuma yana kare ƙoda kada ta gaji, yana rage wa zuciya kaya.

Zuciyar nan ma ta wa ce? Ka manta ranar kasuwar Kalgo da ka ba ni ita, har ka taka ƙwaryar nonon mutane? Tun ranar tawa ce, ajiya na ba ka. Ƙodojin kuwa, ko ba ka ambace su ba, na haɗa da su. Na ga yadda ƙafafun yayanka Garba suka kumbura kafin Allah ya karɓi abinsa. Ba zan iya gani sau biyu ba, Malam. Wa zai ba da auren Hafiza?

Zumata da likita bai hana ba, ka haɗiyi ƙwayarka kowace safiya, ka sha ruwa sosai. Ranar Laraba ina tafe. Kafin in gaishe ka, bayan bukka zan fara zagayawa. In na tarar da kiyashi, ga miyar kuka da busasshen kifi. In ban tarar ba, tabarmata na tare da ni, nan zan zauna, kuma duk Diggi sai ta ji dalili.

Su kwashi sukarin, su bar mini mijina.

Taka har ranar da ƙasa za ta rufe ido,
Hauwa