Allurar Dokin Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Da fatan Yaya Hadiza da yara suna lafiya. Mu nan Daura alhamdu lillahi.

Dokin marigayi Baba ne ya sa na rubuto. Ƙaiƙayinsa ya kai yana goga jiki da garu har jini. Likitan dabbobi ya aske masa gefen wuya, ya tsikara masa abubuwa iri-iri a fata don gano abin da jikinsa ba ya so, sai wurin ƙurar harawa ya kumbura. Harawar gonarmu fa, Yaya! Maganin kuwa a riƙa yi masa allurar ƙurar kaɗan-kaɗan duk mako, har shekara, jikinsa ya saba.

Ga shi na samu gurbin ƙaro karatu a Zariya, ɗalibaina har sun taya ni murna. Amma dokin ba ya tsayawa kowa ya yi masa allura sai ni. Kawu Isa ya gwada, ya sha harbi. Na ce a sayar, Inna ta ce, "Sai dai bayan raina."

Mako biyu ya rage a rufe rajista. Don Allah ka rubuto wa Inna ta yarda a sayar, maganarka take ji. Ni zan karanta mata, kuma ba zan ƙara ko harafi ba.

Ka sa ni a addu'a. A gaida yara.

Ƙaninka,
Bashir