Dutsen da Baffa Ya Ce Ya Jefa a Watari

Zuwa ga mahaifina, Baba Audu masassaƙi,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, tare da fatan kana cikin hutawa a wurin Ubangiji. Bayan haka Baba, yau da zafin rai na zo maka.

Ka tuna dutsen nan da ya rage maka bayan ka gama sassaƙa duwatsun niƙa? Wanda ka zauna gindin ɗorawa ka fitar da siffar Inna a jikinsa, tana durƙushe tana niƙa, ni kuma ina goye a bayanta? A bakin rumbu ka ajiye shi. Inna ta ce ka ƙara mata hanci, ka ce ai rage mata ka yi.

Ko makokinka ba a tashi ba, ƙanenka Baffa Ɗanladi ya ce gunki ne, mun bar tsafi tun zamanin kakanni. Ya ɗora shi a amalanke, ya dawo yana rantsuwa ya jefa shi a ruwan Watari. Inna ta yi kukanta a ɓoye, don kada a ce gunki take yi wa. Har ta biyo ka ba ta sake ganinsa ba.

Makon jiya na shiga Kano wajen masu sayar da furanni da kayan adon lambu. Suna da sassaƙaƙƙun duwatsu daga Zimbabuwe, aikin mutanen ƙabilar Shona. Mai wurin ya ce can mutum kan sassaƙa uwarsa a dutse, ya kafa a tsakar gida yana alfahari. Ina waigawa sai ga Inna a tsakiyarsu, an shafe ta da mai tana sheƙi, wai ita ma baƙuwa ce daga can. Da na matsa masa, ya kwatanta min wanda ya kawo ta, wani dogo mai wushirya daga wajenmu na Tofa, wato Baffa ke nan sak.

Ashe gunkin a gida ne kawai yake haramun, a kasuwa halas ne!

Ban ga laifin mutanen Shona ba, sun san darajar nasu. Amma Baffa, wallahi ban yafe ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na sayar da akuyata na fanso dutsen. Ran Lahadi in an taso daga sujada a coci zan kafa shi a ƙofar gida, daidai inda Baffa yake zaman shan hantsi. Uffan ba zan ce masa ba. Waɗanda ya yi wa rantsuwa su za su tambaye shi yadda dutse ya yi iyo daga Watari har Kano.

Babana, na yi kewar ƙarar gudumarka da sassafe. Ka faɗa wa Inna ta share hawayenta, na dawo da ita gida.

Allah ya haskaka makwancinku, ya ba ni tsawon rai in ga idon Baffa ranar.

Taka har kullum,
Talatu