Zanen Mama da Romanus Ya Shafe

Ingila, Nuwamba 1981

Gwaggo Mero,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen Malumfashi? Ni lafiya lau, sai ɗan tari da sanyin nan ya sa mini. Kada ki faɗa wa Baba.

Saƙonki ya iso. Ashe Romanus, ƙanen Baba, ya sa farar ƙasa ya shafe hoton Maryamu uwar Yesu da Mama ta zana a bangon coci, wai don bishop zai zo? Ke maƙwabciyarmu ce, kin ga yadda ta yi shi: ɓarin jiki a shanye, da hannun hagu, carbi a wuya, sannan ta dawo ta tuƙa mana tuwo. Ko shekara ba ta yi a kabari ba!

Ki gaya wa Romanus da fentin mai ta yi, farar ƙasa kuwa ruwa ke wanke ta. Ina nan tafe lokacin bikin Ista. A gaban jama'a zan miƙa masa bokiti da soso, in tsaya a kansa har fuskar nan ta fito.

Allah ya bar mana ke. Da Mama ce, da ta yafe. Ni ba Mama ba ce.

Ɗiyarki,
Nwamaka